Buhu Ya Fi Mutum Gata

Ranar da na tashi daga aikin dare, wata abokiyar aikina ta ja ni wani shagon kofi na zamani a arewacin Jidda. Yaron shagon ya yi ta kirari: wannan daga Yirgacefe ne a Habasha, an shanya shi da ɓawonsa, za ki ji ƙamshin fure. Muka biya riyal 25 kowane kofi, ana ta ɗaukar hoto. Da na dawo Kurayyat, maƙwabciyata ta zuba mini gahawa daga dalla, ta haɗa da dabino. Ita ma ƙwayar Harar take saya, wato dai Habashar ce. Nata kyauta, kuma ba mai yi masa kirari.

Kai da ka girma a nan, ka taɓa tambayar abin da ke cikin finjalinka? Asalin bishiyar Habasha ne. Sufayen Yaman ne suka yaɗa shansa a ƙarni na 15 don su raya dare da zikiri, tashar Moka ta fitar da shi duniya. A 1511 har hana shi aka yi a Makka. Hel ɗin da ke ba shi ƙamshi, yawancinsa daga Gwatamala ko Indiya yake zuwa. A 2022 hukuma ta sa a riƙa ce masa gahawar Saudiyya maimakon ta Larabawa, kuma a shekarar UNESCO ta karrama noman Khawlani na duwatsun Jazan. Manoman Jazan sun cancanta. Amma abin da suke nomawa bai kai ya cika dallolin ƙasar nan ba.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Idan an rubuta Habasha a jikin buhu, sunan ƙara masa kuɗi yake. Idan ’yar Habasha ce ke wanke finjalin, ba a ko tambayar sunanta. Na sha ganin irinsu a asibiti, tsaye a bayan majinyaci, riƙe da jaka, ba mai cewa su zauna. Mai saye yana son nesa in ta zo a leda, ba ya son ta in ta zo da ƙafa.

Kada ka ce laifin wasu ne kawai. Mu da ake kira Takari, nawa cikinmu ke hana yara Hausa a waje don kar a gane? ’Yata takan lissafa mini garuruwan kofi na Kolombiya, amma sai da na gaya mata ana noma shi a tsaunin Mambila, a jihar Taraba.

Ba cewa nake ka daina zuwa shagon ba, ni ma gahawa ke riƙe ni har asuba. In har za ka iya tambayar asalin ƙwaya, to ka tambayi wadda ta miƙo maka daga ina take, ka gaishe ta. In an tambaye ka naka asalin, ka faɗa, kar ka yi ƙasa da murya.