Daga Pantiyon Zuwa Hubbare: Yaya Ake Girmama Marubuci?

Akan ji wasu daga cikinmu, idan hira ta biyo ta kan halin da marubuci yake ciki a ƙasar nan, suna kawo misali da Faransa. Sukan ce a birnin Paris akwai wani katafaren gini mai suna Pantiyon, inda ake binne manyan mutanen ƙasa har da marubuta, mu kuwa ba mu da irinsa. Ina ganin wannan kuka yana buƙatar a duba shi da idon basira kafin mu ɗauke shi.

An fara gina Pantiyon a 1758 domin ya zama coci. Bayan juyin juya halin Faransa, a 1791, majalisa ta mayar da shi makwancin gwarzayen ƙasa. Can aka kai Voltaire a 1791, da Rousseau a 1794, da Victor Hugo a 1885, da Emile Zola a 1908. Mai ziyara yakan sauka ƙarƙashin ginin ya bi ɗaki ɗaki yana karanta sunaye. Amma mai karatu ya lura da wanda yake riƙe da mabuɗin ƙofar. Mirabeau, wanda aka fara binnewa a wurin a 1791, an fitar da gawarsa a 1794 da siyasa ta juya masa baya. Alexandre Dumas, jikan wata baiwa baƙar fata, ya rasu a 1870, ba a shigar da shi ba sai 2002. Mace ta farko da aka kai saboda aikinta, Marie Curie, sai 1995. Ashe girman da hukuma ta bayar, hukuma tana iya jinkirta shi, tana kuma iya karɓe abinta. Abin da ya raya sunan Dumas cikin waɗannan shekaru 132 shi ne mutane ba su daina karanta littattafansa ba.

To, mu dawo gida. Muna da Hubbaren Shehu a Sakkwato, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake kwance tun 1817, kuma 'yarsa Nana Asma'u tana kusa da shi. Malam Abdullahi yana Gwandu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana Wurno. Dukansu marubuta ne na gaske, da Larabci da Fulatanci da Hausa. Jama'a suna zuwa Hubbare daga nesa da kusa, su yi sallama, su yi addu'a, su koma. Wannan abu ne mai kyau. Tambayata ga 'yan'uwa marubuta ita ce, cikinmu mutum nawa ne zai iya zama ya yi sharhin littafi ɗaya na waɗannan bayin Allah?

Ɗauki hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Tambuwal. A ƙasar Bodinga akwai Sifawa, inda Shehu ya zauna yana karantarwa yana rubutu kafin ya koma Sakkwato a 1815. Malam Abdullahi kuwa ya zauna a Bodinga, kusa da yayansa. A cikin waɗannan shekaru ne Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, Malam Abdullahi ya kammala Tazyinul Waraƙati a 1813. Wannan na biyu littafi ne da marubucin ya tara waƙoƙinsa, ya bi su da bayanin dalilin yin kowace, har da ɓacin ransa game da son duniya da ya gani a cikin jama'a bayan an samu nasara. Wani Bature, Mervyn Hiskett, ya fassara shi da Ingilishi tun 1963. Matashin da yake son koyon yadda ake faɗa wa nasa gaskiya, ga malami a bakin ƙofa, amma sai ya wuce Bodinga a mota bai ko waiga ba.

Gaba kaɗan ga garin Shagari, inda aka binne Alhaji Shehu Shagari bayan rasuwarsa a watan Disamba na 2018. Kowa ya san shi da shugabancin ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Kaɗan ne suke tuna cewa malamin makaranta ne da ya tsara Waƙar Najeriya domin koyar da yara labarin ƙasa. A nan akwai aikin nazari da yake jiranmu. Sanya ilimi cikin waƙa don sauƙin hadda hanya ce da malaman jihadi suka bi. Me ya ɗauko daga gare su, me ya sabunta? Irin wannan waƙa tana da tarko, wato jera sunayen garuruwa da koguna har daɗin waƙar ya ɓace. Ya faɗa cikinsa ko ya tsallake? Yabo kawai ba zai amsa wannan ba, sai an zauna da baitocin ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka ni dai ban ga abin da za mu yi da Pantiyon ba. Addininmu bai kwaɗaitar da mu ƙawata kaburbura ba, kuma tono gawa a canja mata wuri don biki ba al'adarmu ba ce. Abin da ya dace da mu ya fi gini sauƙin kuɗi, ya kuma fi shi wuyar aiki. Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara rubuce-rubucen Nana Asma'u sun buga a 1997. Mu da muka gaji harshen me ya hana mu? Kowane reshe na ƙungiyarmu ya zaɓi littafi ɗaya na magabata a kowane zango, a karanta, a yi muhawara, a aiko da sharhin wannan mujalla. Malaman makaranta kuma, idan za mu kai ɗalibai Hubbare ko Sifawa, mu fara karanta masu shafi biyu na abin da masu wurin suka rubuta.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Idan muka bar littattafan na gabanmu ga ƙura da gara, kada mu yi mamaki in na bayanmu suka yi wa namu haka. Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu ikon karanta abin da suka bar mana.