Wayoyi biyu da ke tashin janareta cikin dare

Ƙarfe biyun dare, NEPA ta ɗauke wuta, batir ya yi ƙasa. Sai ka ji janareta ya tashi a bayan gida alhali kowa na barci. Siraran wayoyi biyu ne suka tashe shi, da lissafin da mai haɗa sola ya zauna ya yi tun da rana.

A jikin inbata akwai ɗan makunni da masu aikin ke kira rile. Ba ya ba da wuta. Aikinsa ya haɗa wayoyin nan ko ya raba su. In ya haɗa, allon janareta ya murɗa sitata. In ya raba, inji ya tsaya. Ƙaramin janareta mai igiya da cok dai ba ya cikin wannan zance.

Jona wayar ba ta cin minti goma. A wajen saita lambobi ake gane gwani. Da fari zai tambayi irin batirin. In mai ruwa ne, a tsarin bolt 48, yakan sa a kira janareta idan ƙarfi ya sauka wajen 46 ko 47. In litiyom ne, ba ya yarda da bolt, don ƙarfinsa ba ya sauka sosai sai dab da ƙarewa. Sai ya bi kason cajin da ya rage, kamar 20 ko 30 cikin ɗari.

Daga nan sai jinkiri, wanda shi ya fi burge ni. Famfon burtsatse ko firji in zai tashi, yakan fizgi wuta ninkin abin da yake ci, batir ya durƙusa na daƙiƙa kaɗan ya miƙe. Gwani ya san haka, shi ya sa yake umartar inbata ta jira minti ɗaya ko biyu ta tabbatar. Wanda ya bar saitin kamfani ya karɓi kuɗinsa ya tafi, inji zai kwana yana tashi yana mutuwa.

Sannan gwani ya ba injin lokacin ɗumama kafin a ɗora masa lodi, ya kuma ƙayyade cajin. Janareta mai kVA 5 bai wuce kilowat 4 ba. Amfiya 60 a batirin nan ta cinye kusan 3, saura ɗaya na gida. In aka zarce, gudun inji ya faɗi ƙasa da zagaye 50 a daƙiƙa, inbata ta ƙi wutar.

Ba ya jiran batir ya cika fal. A kashi 80 ko kusa yake tsayar da janareta, domin ƙarshen cajin batir mai ruwa tafiyar hawainiya yake, ana ƙona gas a banza, kuma rana za ta ƙarasa da safe. A sauke lodi, inji ya huce, sannan ya mutu.

Kada ka sallami mai haɗa maka sai ya kashe sola da wutar gari, ya gwada maka wannan duka a gabanka.