Gwanintar kama jinjirin wata da kyamara a sararin Agege

Legas ba ta ba da jinjirin wata da arha. Ga danshin teku, ga hayaƙin motoci da na janareto, ga gajimare da ke son taruwa daidai inda rana ta faɗi. Mu na Agege kuma an ƙara mana fitilun jiragen da ke sauka da tashi a filin Murtala Muhammed na Ikeja. Shi ya sa nake jinjina wa duk wanda zai hau bene a Zango da madubin hangen nesa da wayar salula, ya sauko da hoton wata ɗan kwana ɗaya, siriri kamar yankan farce. Wannan ba sa'a ba ce, sani ne da haƙuri.

Gwani yakan fara aikinsa tun rana na tsaka. Sai ya san lokacin da wata ya daidaita da rana, wato haihuwar sabon wata, domin in bai kai kimanin awa 15 da haihuwa ba, da wuya ido ya kama shi. In kuwa tazararsa da rana ba ta kai digiri 7 ba, ko madubi ba zai nuna shi ba. Manhaja irin Stellarium tana ba da wannan lissafi kyauta, har ta faɗi tsayin watan daga ƙasa da mintin da zai faɗi. Yawanci abin da mutum ke da shi bai kai awa guda ba bayan faɗuwar rana, ga kuma sallar magariba a ciki.

Sannan akwai sanin inda za a duba. Rana ba wuri ɗaya take faɗuwa ba: a watan Disamba takan karkata kudu da kimanin digiri 23, a Yuni ta karkata arewa da kamar haka. Gwani yakan lura da inda ta nutse, ya shaida wurin da hasumiyar masallaci ko tankin ruwan wani gida. Sai ya miƙe hannu ya dunƙule shi. Faɗin dunƙulallen hannu a sararin sama kusan digiri 10 ne. In lissafi ya ce watan yana digiri 10 sama da ƙasa, ya san dunƙule ɗaya zai auna, ba zai ɓata lokaci yana lalube ko'ina ba. Nan ne nake ganin asalin gwanintar, domin mai sani da ƙaramin madubi yakan riga mai tsadadden kaya da bai san gabas ba balle yamma.

Kayan farawa ba su da yawa. Madubi mai ido biyu, irin wanda aka rubuta wa 10x50, ya isa: yana kusanto abu sau 10, faɗin gilashinsa milimita 50. Sai mariƙi mai ƙafa uku, da ɗan maƙalin da ke daidaita kyamarar waya da bakin madubin. Kowane daga cikinsu ana iya nemansa a kasuwar Computer Village ko a yi odarsa ta intanet. Babban maƙiyin hoton sama shi ne rawar hannu. Ko taɓa allon waya yakan girgiza hoton, don haka gwani kan sa wayar ta jira daƙiƙa biyu ko uku kafin ta ɗauka. Yakan hana ta daidaita haske da kanta, in ba haka ba sai ta mayar da wata farin dunƙule marar fasali. Kuma da yake duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, watan yakan sulale daga cikin madubi a hankali, dole a riƙa binsa. Wasu kan ɗauki gajeren bidiyo, su sa kwamfuta ta tsinci hotunan da suka fi fita ta haɗe su wuri ɗaya, sai hazon ya ragu, gefen watan ya fito tas.

Abu ɗaya ba a wasa da shi: kada a saita madubi wajen yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Kallonta ta cikin gilashi yana makantarwa nan take.

Ba da jinjirin wata ake fara koyo ba. A fara da wata ɗan kwana bakwai, lokacin da yake rabi. A kan iyakar haske da duhu ne ramuka da duwatsunsa ke fitowa da inuwarsu, a nisan kusan kilomita 384,000. Watan daren sha huɗu, duk da kyansa, haskensa ya yi yawa, ba ya nuna su sosai. Daga nan a nemi Zara matar wata, wadda ƙaramin madubi mai ido ɗaya zai nuna ita ma tana cika tana raguwa. Sai Mushtari da ƙananan watanninsa huɗu, waɗanda Galileo ya fara gani a 1610 da madubin da bai kai na kasuwar yau ba. Kaza da 'ya'yanta kuwa, waɗanda ido ke ƙirga shida ko bakwai, madubi zai nuna su gommai.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, da lissafi da ilimin taurari aka san shi. Sanar da tsayuwar wata a Najeriya kuwa haƙƙin Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne da kwamitinsa na duban wata. Mai hoto shaida ne kawai, amma shaidar da ta zo da hoto mai lokaci da wuri ta fi ƙarfi, kuma tana rage gardamar da mukan sha kowace shekara.

Ina kira ga kwamitocin masallatan Agege da makarantun Islamiyya: ku sayi madubi ko guda ɗaya, ku damƙa shi ga matasa masu natsuwa, su riƙa hawa bene ranar 29 ga kowane wata, ba sai Sha'aban da Ramadan kaɗai ba.