Labarin Kisra a Bakin Masu Ba da Tarihi

A majalisun Geza da Illo da sauran garuruwan Bagudo da ke bakin iyakar Binin, an san labarin Kisra, sarkin da aka ce ya ƙi amsa kiran Manzon Allah (SAW), ya yo ƙaura daga gabas, zuriyarsa suka kafa sarautun Busa da Nikki da Illo. Masu ba jama'a tarihi suna kawo shi da gwaninta, kuma sun cancanci yabo, domin ta bakinsu matasa ke sanin cewa Borgu ƙasa ɗaya ce kafin yarjejeniyar 1898 ta raba ta, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo hannun Ingila.

Inda suke tuntuɓe shi ne gabatar da ruwayar tamkar babi daga Sira. Kisra laƙabi ne na sarakunan Farisa. Wanda aka aika wa wasiƙar Annabi ta hannun Abdullahi ɗan Huzafa, ya kekketa ta kamar yadda Buhari ya ruwaito, a ƙasarsa ya mutu a 628 Miladiyya, kuma ɗansa Shirawaihi ne ya sa aka kashe shi. Saboda haka ba shi ne ya ƙetare Kwara ba.

Magabata sun shimfiɗa hanya biyu. Ɗabari yakan kawo labari da isnadinsa, ya ɗora nauyinsa a kan wanda ya faɗa masa. Ibn Khaldun kuwa ya auna labari da hankali da ɗabi'ar al'umma, har ya ƙi yarda da adadin mayaƙa 600,000 da Mas'udi ya ba Bani Isra'ila. Mai magana da taro ya fi marubuci bukatar duka biyun, domin mai sauraronsa ba shi da littafin da zai koma ya duba.

Wannan bai sa a watsar da ruwayar ba. Shaida ce a kan yadda sarakunan Borgu suka ɗauki zumuncinsu da 'yancin kansu a gaban maƙwabta Musulmi. Haƙƙin mai ba da ita shi ne ya ce wa jama'a wannan ruwayar gidan sarauta ce, ya ambaci daga wa ya ji ta, sannan ya faɗi abin da littattafan Sira suka tabbatar. Rashin yin haka yana jingina wa zamanin Annabi abin da bai auku ba, kuma yana ba wawa damar yi wa Musulmin Illo gorin asali. Allah ne Mafi sani.