Jakar Tsaba a Wuyan Mai Lamba Uku: Sharhin 'Yan Kallo Kan Turereniyar Ingila

A gidajen kallon ƙwallo na Mile One, can Diobu a birnin Fatakwal, wasan zari-ruga baƙo ne, kamar yadda yake baƙo a Gariki ta Inugu da unguwannin Hausawan Anacha. Firimiya ce mai gida. Sai dai dikodar da ake kallo da ita ta DStv ce, kamfanin Afirka ta Kudu, ƙasar da zari-ruga ke da gata. Saboda haka mai jiran a take wasan Arsenal ko Chelsea yakan ci karo da ƙarti goma sha shida sun sunkuya, sun saƙa kawuna, suna turin juna a kan ƙwallo mai siffar ƙwai. Mafi yawa tsaki suke ja su ce a canza tasha. 'Yan kaɗan sukan tsaya. Wasu sun tashi ne a bakin filin kokawa, a Sakkwato ko Maraɗi ko Dosso, idonsu ya saba da karanta ƙugu da dugadugai. Wasu kuma sunan Maro Itoje suka ji, ɗan asalin Najeriya haifaffen Landan, wanda ya zama kyaftin ɗin Ingila a 2025. Ta dalilinsa ne ɗan Najeriyar da babu abin da ya haɗa shi da Ingila yake jin zafi idan an murƙushe ta.

Sharhin bayan wasa al'ada ce mai dokokinta, ko a kan benci a bakin titin Ikwerre ake yinsa ko a mashayar Landan. Babbar dokar ita ce a nemo mutum ɗaya a rataya masa jakar tsaba. “Wane ne ya kashe mu.” In an rasa shi, sai a koma kan alƙalin wasa: “An saye shi.” A ƙwallon ƙafa wannan hukunci yakan dace wani lokaci, domin gola na iya sakin ƙwallo a gaban idon kowa. A turereniyar zari-ruga kuwa kusan kullum zalunci ne, kuma babu tawagar da ta fi Ingila nuna hakan, a 2019 da 2023, lokacin da Afirka ta Kudu ta raba ta da kofin duniya.

Ga yadda abin yake. Idan ƙwallo ta kuɓuce wa ɗan wasa ta yi gaba, sai alƙali ya kira turereniya, kowane ɓangare ya kawo mutum takwas. Uku ne a gaba, masu lamba 1 da 2 da 3. Masu lamba 4 da 5 suna bayansu, sun cusa kawuna tsakanin cinyoyinsu, sun tokare su da kafaɗa. Masu 6 da 7 suna gefe, mai 8 yana ƙurya. Nauyin kowane ɓangare a manyan tawagogi yakan kai wajen kilo 900. Yadda kawunan ke saƙuwa, mai lamba 1 kansa yana waje, kafaɗa ɗaya ce take shan nauyi. Mai lamba 3 kuwa kansa yana tsakanin mutum biyu na abokan karawa, nauyi na sauka a kansa ta dama da hagu. Burin mai lamba 1 ya shige ƙarƙashin ƙirjin mai lamba 3 ya ɗaga shi, shi kuma mai lamba 3 burinsa ya danne shi ƙasa ya hana shi miƙe baya. Doka ta ce a tura a miƙe, kada kafaɗa ta yi ƙasa da ƙugu, kada a durƙushe da gangan. Wanda ya saɓa, an ba abokan karawarsa bugun laifi, in kusa ne su buga tsakanin sanduna su kwashi maki uku.

Idon kokawa yana da amfani a nan, kuma yana da haɗari. Wanda ya san kokawa ba ya kallon damtse. Yana kallon inda ƙafa ta kafu, yana ganin wanda bayansa ya fara tanƙwarewa, yana iya gaya maka wanda zai ci ƙasa tun kafin ya ci. Amma a kokawa mutum biyu ne a fili, wanda ya faɗi shi ya faɗi. A turereniya, ƙarfin da mai lamba 3 ke tsayuwa da shi rabi ba nasa ba ne. Daga baya yake zuwa, daga kafaɗar dogon da ke tokare da shi da ta ɗan gefen da ke kusa. In waɗannan suka saki, ko suka makara da ƙiftawar ido, shi ne kyamara za ta nuna fuskarsa a cikin ciyawa.

Ranar 2 ga Nuwamba 2019, a Yokohama ta Japan, Ingila ta shiga wasan ƙarshe na kofin duniya da Afirka ta Kudu da kirari a bakinta, domin mako guda kafin nan ta doke New Zealand 19 da 7. A minti na uku mai lamba 3 ɗinta, Kyle Sinckler, ya yi karo da Itoje wajen tare Makazole Mapimpi, ya suma, aka fitar da shi. Dan Cole, mai shekara 32, wanda aka tanada don ƙarshen wasa, shi ya shigo ya yi fiye da minti 75. A gabansa akwai Tendai Mtawarira, haifaffen Harare. Sau shida alƙali Jérôme Garcès ya hukunta Ingila a turereniya, Handré Pollard yana ta tara maki da ƙafa, aka tashi 32 da 12. Kafin gari ya waye masu sharhi sun gama shari'a: da Sinckler bai ji rauni ba da labari ya sha bamban, Cole ne ya kasa. Koci Eddie Jones bai sake kiransa tawaga ba.

Wanda ya sake kallon wasan a natse zai ga abubuwan da wannan hukunci ya tsallake. A ɗaya gefen, Mako Vunipola yana shan wuya a hannun Frans Malherbe, kuma in gefe ɗaya ya ja baya sai dukan jerin ya karkace, nauyi ya ƙaru a kan na ɗaya gefen. A baya kuma Itoje ne da Courtney Lawes, gwanayen tsalle da gudu da kame, alhali George Kruis, wanda aka fi sani da turi, yana kan benci. Da aka shigo da Kruis bayan hutun rabin lokaci, sannan Joe Marler ya canji Vunipola, sai turereniyar Ingila ta ɗan tsaya da ƙafafunta, har ita ma ta samu bugun laifi. Cole bai je ko'ina ba, mutanen da ke kewaye da shi ne suka canza. Jones da kansa ya amince daga baya cewa da Marler ya kamata ya fara. Sannan ita ma Afirka ta Kudu ta rasa mutum biyu cikin takwas ɗinta tun kafin hutu, Bongi Mbonambi da Lood de Jager, amma ba wanda ya ga alamar giɓi, domin Malcolm Marx da Franco Mostert ne suka shigo.

Hukumar zari-ruga ta Ingila ma ta yi irin tunanin 'yan kallo. A farkon 2020 ta ɗauko Matt Proudfoot, kocin da ya horar da ƙartin Afirka ta Kudun da suka doke ta. Koci ya zo, turin bai biyo shi ba. A Nuwamban 2022 Afirka ta Kudu ta je har Twickenham ta ci 27 da 13, ta sake tura su baya a gaban jama'arsu, kuma a watan da ya biyo aka sallami Jones.

Sai wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya na 2023, ranar 21 ga Oktoba a Stade de France, ana tafka ruwan sama. Sabon koci Steve Borthwick ya dawo da Cole, yanzu yana da shekara 36, ya fara da shi da Marler, ya sa matashi George Martin ya tokare shi daga baya tare da Itoje. Muddin waɗannan suna fili, turereniyar Ingila ba ta motsa ba. Ingila ta kai 15 da 6. Da aka fitar da Marler da Martin da Cole, aka shigo da Ellis Genge da Ollie Chessum da Sinckler, a daidai lokacin Afirka ta Kudu ta riga ta saki Ox Nché da Vincent Koch. Nché gajere ne, ƙugunsa kusa da ƙasa, mutumin da ya shahara da son kek da yi wa masu cin ganye ba'a. Ya shige ƙarƙashin Sinckler ya riƙa ɗaga shi, bugun laifi na bin bugun laifi. Ta haka suka kai bakin layin Ingila har RG Snyman ya dangwala ƙwallo. Saura minti biyu da 'yan kai aka hukunta Genge, Pollard ya buga daga kusan tsakiyar fili, aka tashi 16 da 15. Mutumin da aka ce rashinsa ne ya jawo kayen 2019 yana cikin fili lokacin da ginin ya rushe, wanda aka zarga kuwa yana kan benci yana kallo. Ban ga masu sharhi da yawa sun koma sun wanke Cole ba. Sun dai ciro jakar daga wuyansa sun rataya wa Sinckler da Genge. Cole ya yi ritaya a 2025 bayan ya buga wa Ingila wasa 118.

Na alƙali kuma daban ne, kuma a nan 'yan kallo suna da ɗan gaskiya. Magoya bayan Ingila sun daɗe suna cewa Koch ne ya karkata ciki a turereniyar ƙarshe, alƙali Ben O'Keeffe kuwa gwiwar Genge ya gani a ƙasa. Duka biyun na iya faruwa a lokaci guda. Alƙali gefe ɗaya yake tsayawa, yana da daƙiƙa biyu ko uku ya tantance wanda ya fara laifi cikin mutum shida da kawunansu ke ɓoye. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne, ɓangaren da ya yi ta tura abokin karawarsa baya sau uku a jere ya riga ya saye zuciyar alƙali ba da kuɗi ba, na huɗun in ya rikice shi za a ba gaskiya. Ba kuma zai yiwu a ce a bar su su yi ta yi har gaskiya ta fito ba, domin wuyan mutum ne a ciki. A 2005 Matt Hampson, matashin tawagar Ingila ta 'yan ƙasa da shekara 21, ya shanye daga wuya zuwa ƙasa bayan turereniya ta rufta masa a filin atisaye. Don rage irin wannan ne aka canza doka a 2013, aka ce sai na gaba sun riƙe juna tukuna kafin su haɗu, maimakon karon raguna da ake yi a da.

A ganina ainihin raunin Ingila a shekarun nan a kan benci yake, da kuma inda benci ke samo mutane. Ana zuwa wasa da mutum 23, takwas 'yan canji. Al'ada ita ce biyar daga cikinsu masu turi, uku masu gudu. Kocin Afirka ta Kudu Rassie Erasmus ya mayar da shi shida da biyu a 2019, a 2023 kuma shi da Jacques Nienaber suka kai shi bakwai da ɗaya, har a wasan ƙarshe da suka ci New Zealand 12 da 11. Ma'ana, a lokacin da ƙartin abokan karawa suka fara haki, sai su ga sabbin ƙarti waɗanda ba su gaza na farko ba. Wannan ba dabarar rana ɗaya ba ce, sai ƙasa tana da masu lamba 1 da 3 na ƙwarai har shida ko takwas. 'Yan Afirka ta Kudu sun yarda da turinsu har ta kai, a wasansu da Faransa a 2023, Damian Willemse ya cafe ƙwallo kusa da layinsu, maimakon ya buga ta nesa kamar yadda kowa ke yi sai ya nemi turereniya, kuma suka ci bugun laifi a kanta. A 2024 hukumar zari-ruga ta duniya ta soke wannan zaɓi, da hujjar a ƙara wa wasa sauri. Mutanen Afirka ta Kudu sun ce da su ake, kuma ban ga laifinsu ba. Ita Ingilar ma ta taɓa cin wannan moriya: a 2007 a Marseille, Andrew Sheridan ya yi wa Ostareliya raga-raga aka ci 12 da 10, kuma a lokacin babu ɗan Ingilan da ya ce turereniya na ɓata wasa.

Mu a nan gida zancen bai kai can ba tukuna. Tawagar Najeriya, Black Stallions, ba ta taɓa zuwa kofin duniya ba. Arewa ba baƙuwa ba ce a wasan, domin kulob ɗin Barewa na Kano ya daɗe yana tarbiyyar yara, akwai kuma ƙungiyoyi a Kaduna da Zariya da Jos. Sai dai gasar 'yan bakwai-bakwai ta fi sauƙin shiryawa, kwana biyu an gama, kuɗin mota da masauki kaɗan ne, kuma a cikinta mutum uku-uku ne kawai ke turereniya, su ma masu gudu ne. Yaro mai kaurin wuya da gajerun ƙafafu, irin wanda zai zama Nché, ba shi da gurbi a wannan tsari. Mai lamba 3 kuwa ba ya nuna da wuri, sai ya shekara da shekaru yana shan danniya mako-mako a wasan 'yan goma sha biyar, galibi sai ya doshi talatin ake ganin ganiyarsa. Zimbabuwe, ƙasar da ta haifi Mtawarira ta rasa shi, tana da makarantun da ke buga irin wannan wasa tun daga sakandare, kuma a Yulin 2025 ta doke Namibiya 30 da 28 a Kampala ta samu gurbin kofin duniya na 2027, karo na farko tun 1991.