Diyya da Haƙƙin Maraya: Wa Ke da Ikon Cewa "Mun Yafe"?

Masu sukar diyya a ƙasar Gwandu iri biyu ne, kuma ba sa ga maciji da juna, amma sun haɗu a kan binne ta. Na farko suna ganin karɓarta rashin tawakkali ne: kwana ne ya ƙare, mota sanadi ce kawai, kuɗin jini kuma ba su da albarka. Na biyu 'yan boko ne da ke cewa zancen raƙuma ɗari ya tafi tare da zamanin ayari, wanda aka kashe wa mutum ya ɗauki lauya ya nufi babbar kotu a Birnin Kebbi. Tsakanin waɗannan biyun, matar da tirela ta take mijinta a hanyar Jega zuwa Koko takan fita takaba da buhun shinkafa da 'yan kuɗin da aka kira na likkafani. A ganina duka ɓangarorin ba su karanta babin da kyau ba, kuma na farkon sun fi yin ɓarna, don su ne ke zaune a kan tabarma ranar makoki.

Tarihin ba mai tsawo ba ne. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa wanda ya yi kisan kuskure abu biyu: kaffara, da diyyar da za a miƙa wa iyalan mamaci sai in su suka bar ta sadaka. Muwaɗɗa da Risala da Muhtasar, waɗanda har gobe ake biyawa a zaurukan Jega da Aliero, sun tsara adadinta: raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Da waɗannan littattafan alƙalan daular da Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta daga Gwandu suka yi hukunci, kuma Turawa da suka zo a 1903 sun bar su suna yi, sai dai da sa ido. Rikicin da ya kai ga sauya komai ma daga nan gida ya taso. A 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisan da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba, saboda a dokar Turawa laifin nasa bai kai na kisa ba. Aka yi ta ja-in-ja har aka kafa dokar Final Kod a 1959, ta soma aiki a 1960. Daga nan shari'ar rai ta koma tsakanin gwamnati da wanda ake tuhuma, magada suka zama 'yan kallo a bayan kotu. A 2000, zamanin Gwamna Muhammad Adamu Aliero, jihar Kebbi ta dawo da hukunce-hukuncen shari'a, diyya ta sake shiga takarda. A zaure kam ba ta dawo ba.

Ga 'yan boko kuma, ga abin tunawa. A Ingila, a 1808, wani alƙali ya yanke cewa mutuwar mutum ba abin da za a nemi fansarsa a kotun farar hula ba ne, kuma sai a 1846 majalisarsu ta yi dokar da ta ba iyali damar kai ƙara. Wato sun makara da fiye da shekara dubu. Da aka yi wa Jihar Arewa irin wannan dokar a 1956, masu rubuta ta sun fayyace cewa iyalin Musulmi su ne waɗanda ke da rabo a diyyar kisan kuskure. Ko Baturen da ya tsara ta ya san ba zai iya kauce wa babin ba.

Abin da ya fi burge ni a wannan babin shi ne jerantawarsa, wato me ke zuwa kafin me. Fiƙihu yana ɗaukar diyyar kuskure a matsayin dukiyar da ta shiga gadon mamaci. Da ita ake biyan bashinsa, abin da ya saura a raba kamar yadda ake raba gonarsa da shanunsa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya tsaya neman sani a kan ko mace na gadon diyyar mijinta, har Dahhaku ɗan Sufyanu ya shaida masa cewa Annabi (SAW) ya rubuto masa ya ba matar Ashyam rabonta, sai Umar ya yi hukunci da haka. Saboda haka tsarin shi ne a tabbatar da yadda abin ya faru, a ambaci adadi, a lissafa magada, a fitar wa kowa rabonsa, sannan a juya ga kowane baligi a tambaye shi ko ya bar nasa. Yafiya ce ta ƙarshe, kuma ta mutum ɗai-ɗai ce.

Mu kuwa mun juya abin. Ranar uku ko bakwai, shugaban tasha da mai mota da wani dattijon unguwa sukan zo da goro, a yi addu'a, a ce, "Allah gafarta Malam, mun zo ne mu ba da haƙuri, yaron nan tun ranar bai runtsa ba." Sai wan mamaci ko baffansa ya gyara murya ya ce, "Haba Alhaji, ai ba komai, mun bar ma Allah. Ko a kan gado yake, in lokaci ya yi sai ya tafi." A shafa Fatiha, a watse, kowa na yaba gidan da sanin ya kamata. Matar tana cikin ɗaki, ba wanda ya leƙa ya tambaye ta. Yaran suna wasa a ƙofar gida.

Mu ɗora wannan zaman a kan lissafin gado mu gani. A ce wani ɗan kabu-kabu ne a Maiyama ya rasu ya bar mahaifiya da mata ɗaya da 'ya'ya uku ƙanana, maza biyu da mace. Idan aka kasa dukiyar kashi 24, matar tana da 3, wato tumuni, mahaifiya tana da 4, wato sudusi, sauran 17 na yaran ne. Wan mamacin nan da ya yi magana ba shi da ko kashi ɗaya, don ɗa namiji ya katange shi. A ce an yi sulhu a kan naira 2,400,000 kacal: matar 300,000, tsohuwa 400,000, kowane yaro 680,000, yarinyar 340,000. Tsohuwa tana iya barin nata, Allah ya ba ta lada. Matar ma haka, in da son ranta ne ba don kunyar surukai ba. Amma naira 1,700,000 na marayu babu bakin da ya isa ya yafe su, ko na waliyyinsu, domin waliyyi mai tsaro ne, ba a ba shi ikon yin kyauta da dukiyar yaro ba. Iyakar abin da aka sassauta masa shi ne ya daidaita a kan abin da ya fi zama maslaha ga yaron, misali in wanda ake bi ba shi da hali. Mutumin da ba zai taɓa yarda a ce ya sayar da gonar marayu ba, shi ne ake yaba wa don ya zubar musu da abin da ya fi gonar.

Na san inda ruɗanin ya samo asali. A kisan ganganci, Malikiyya sun ba mazan dangin uba babbar murya a kan a yi ƙisasi ko a yafe. To, wannan muryar ce baffanni suka ɗauko daga can suka shigo da ita babin kuskure, inda ba wurinta ba. Haka kuma za ka ji an gaya wa direba ya yi azumin wata biyu a jere, kuma ya yi, amma ba wanda ya tuna masa da sauran ayar. Haƙƙin Allah an biya, na bayi an share.

Akwai wani abu da duk mutumin Aliero ya sani. Garin ya yi suna da ɗori, daga nesa ake kawo waɗanda suka karye a haɗari. In direba ya karya wa mutum ƙafa, ba wanda ke jin nauyin cewa ya biya mai ɗori, ya ɗauki abinci da magani har majinyaci ya taka. Ba a taɓa kiran wannan rashin tawakkali ba. Sai in mutumin ya mutu ne kunya ke sauka. Ashe ke nan a tsarin da muka ƙirƙira wa kanmu, direban da ya kashe ya fi wanda ya raunata samun sauƙi. Risala kuwa ta daɗe da cewa mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta suna lamunin abin da ta take, balle wanda ya yi wa tirela lodin albasa har sama, ya ɗora mutane a kai, ya kwana bai yi barci ba.

Masu cewa a tafi kotu kawai su ma su duba yadda ake auna rai a can. Ma'aunin da aka gada daga Ingila yana duba abin da mamaci ke samarwa da shekarun da suka rage masa na aiki. Babban ma'aikaci yana da tsada, mai noman albasa a fadama da ba shi da takardar albashi sai yadda lauya ya iya, tsohuwa da yaro ƙarami kuwa kusan ba su da farashi. Diyya ba ta tambayar albashi: ta attajirin kasuwar Jega da ta ɗan dakonsa ɗaya ce. Masu cewa a tafi kotun sukan tayar da zancen cewa a wurin jumhuru diyyar mace rabin ta namiji ce. A bar wa malamai wannan muhawarar. Matar da mota ta kashe a yau, ba rabi ake ba 'ya'yanta ba, ba a ba su komai.

Suka ɗaya ce nake ɗauka da nauyi, ita ce ta adadi. Dinari 1,000 kimanin kilo huɗu da kwata ne na zinariya, kuma lissafin da ake fitarwa tare da nisabin zakka da mafi ƙarancin sadaki ya daɗe da haura naira miliyan ɗari. Wane direba ne zai iya? Babu. Amma shari'a ba ta taɓa cewa shi kaɗai zai biya ba. Diyyar kuskure a kan aƙila take, wato jama'ar da mutum ke jingina da su. Ana raba ta cikin shekara uku, kowa gwargwadon ƙarfinsa, ba a ɗora wa mata da yara da matalauta, kuma in babu aƙila baitulmali ya ɗauka. Ganganci ne aƙila ba ta ɗauka, don kada a koya wa mutane ɓarna da kuɗin wasu.

A nan ne nake ganin mun yi asarar da ta fi kowace. Sayyidina Umar ya mayar da aƙila kan mutanen diwani, waɗanda sunansu ke rajista ɗaya suna karɓar albashi tare, Muhtasar ma ya gabatar da su a kan dangi. Ma'anar ita ce waɗanda ke cin abinci ta hanya ɗaya su ɗauki kuskuren junansu. To, wace rajista ce ta fi ta tasha? Ƙungiyar direbobi tana da sunan kowace mota da ke lodi a Jega, tana yankar kuɗi kullum, tana da shugabanni tun daga reshe har jiha. 'Yan kabu-kabu haka, dillalan albasa da ke haɗa kaya zuwa Kudu haka, masu jiragen ruwa ma haka, kuma haɗarin Warrah na watan Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, ya isa ya sa a yi wannan tunanin. Da za a ware wani abu daga kuɗin tikiti a asusun diyya, da an samu aƙila ta zamani ba tare da an jira majalisa ba. Kuma ranar da direbobi suka san gudun ɗayansu zai taɓa aljihun kowa, su da kansu za su hana mai shaye-shaye hawa sitiyari, abin da jami'an kiyaye haɗurra suka kasa.

Inshora ma, in an cire ƙyama, wannan aikin aka yi ta dominsa. Tun dokar 1945 wajibi ne mai mota ya yanki inshorar da za ta biya wanda ya kashe ko ya raunata, kuma daga Janairun 2023 kuɗin inshorar ƙaramar motar gida ya koma naira 15,000 a shekara. Mafi yawan mutane suna yanka ne don ɗan sanda, wasu ma ta bogi ce ba su sani ba, shi ya sa ba ya faɗo wa kowa a zaman makoki ya ce a kawo takardar a gani. Mai shakka a kan halaccinta ga takaful, wato inshorar Musulunci, wanda hukumar inshora ta ƙasa ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013. Abin lura shi ne, baffan da ya yafe don tausayin direba, wani lokaci kamfanin da ke Legas ya yafe wa.

Ban ce a rufe ƙofar yafiya ba, ayar da kanta ta buɗe ta. Ban kuma ce a yi ta jan direba talaka har ya sayar da gidansa ba, sulhu a kan abin da zai yiwu halal ne, kuma ya fi shari'ar shekara da shekaru. Roƙona ga limamai da hakimai da masu unguwanni shi ne kada a karɓi "mun yafe" a cikin kwanakin makoki, lokacin da hankali ba ya jiki. A bari a natsu, a kira mai rabon gado, a aika mace ta ji ta bakin mai takaba, a rubuta rabon yara a gaban alƙali. Kafin nan wani daga cikin dangi ya adana lambar motar, da rahoton 'yan sanda, da takardar shaidar mutuwa, da hoton takardar inshora. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 kuma dokarta ta 2011 ta haɗa da neman haƙƙin waɗanda haɗari ya shafa, tana da ofis a Birnin Kebbi. Kada kuma a yi nawa, don ƙarar irin wannan tana da wa'adi, kuma in motar hukuma ce wa'adin na iya zama wata uku kacal.