3.4 Kalmar "Forager": Ma'anarta da Matsalar Fassararta

Kalmar "forager" ta shigo Ingilishi ne daga tsohon Faransanci, inda tushenta yake nufin abincin dabbobi, wato ciyawa da harawa. Da farko ana kiran sojan da aka tura ƙauyuka ya samo wa dawaki da rundunar yaƙi abinci da wannan suna, kuma sau da yawa da ƙwace yake samowa. Daga baya ne masana ilimin al'ummomi suka ari kalmar domin al'ummar da ke rayuwa a kan abincin daji, ba ta noma, ba ta kiwo.

Dalilin wannan aro ya fito fili bayan taron da Richard Lee da Irven DeVore suka shirya a Chicago a 1966. Binciken Lee a kan mutanen Ju/'hoansi na Botswana ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na abincinsu tsirrai ne, musamman ƙwallon mongongo, kuma mata ne suka fi tattaro shi. Saboda haka sunan da ya fifita farauta bai yi wa matan adalci ba. A 1980 kuma Lewis Binford ya taƙaita kalmar ga masu ƙaura zuwa inda abinci yake, suna samo na yini ba tare da ajiya ba, ya bambanta su da masu tanadi.

To sai dai kalmar tana da rauni. Da ita ake siffanta ƙudan zuma da tsuntsu mai neman abinci, don haka tana iya ɓoye sanin da mutum yake da shi na lokaci da wuri da irin tsiron da ke da guba.

Wajen fassara ma akwai matsala. Idan aka ce "mafarauci", an koma ga kuskuren da masana suka guje wa. "Kala" na nufin tsintar abin da ya saura a gona bayan girbi, ke nan sai da noma. "Tsintuwa" kuwa dace ce, alhali macen da ke ɗebo tafasa da ɗinya da kanya ta san inda za ta dosa. Bisa wannan, fassarar da ta fi dacewa ita ce "mai neman abincin daji", domin ta haɗa nama da ganye, ta kuma haɗa namiji da mace.